Bakin titi da kansiloli tara: abin da na gani a Woodbridge

Shekara 27 na yi a aikin ƙaramar hukuma kafin na yi ritaya, kuma fiye da rabinsu a kan teburin rubuta bayanan zaman kansiloli na ƙarar da su. Saboda haka da ɗan ƙanwata ya aiko mini da tikiti a kakar 2023, ya ce in zo in ga takwarana da aka haifa masa, mutanen gida suka dinga tsokanata wai ko Amurkar na je sai na nemo sakatariya na leƙa. Dariya kawai na yi. Ashe bakinsu zai kama ni.

Daga Kano jirgin Habasha ya kwashe mu zuwa Addis Ababa, wato muka nufi gabas alhali yamma za mu. Da muka sake tashi sai ya juyo, ya yada zango a Lome, sannan ya kama teku bai sake ganin ƙasa ba sai Newark, a jihar New Jersey. Na sauka ƙafafuna a kumbure, takalmi ya ƙi shiga. A hanyar gida muka tsaya shan mai, na ga ɗan ƙanwar tawa bai fito daga mota ba, wani ne ya zo ya zuba masa kamar a Zoo Road. Ya ce tun 1949 dokar jihar ta hana direba zuba wa kansa mai. Na ce to, ko nan an san mutunci.

Unguwarsu Iselin take da suna. Babban titinta, Oak Tree Road, cike yake da shagunan Indiyawa: masu gwal, masu yadi, mahauta masu naman halal, ƙamshin kayan yaji har cikin mota. A gaban gidaje kuma an kakkafa ƙananan alluna a kan ciyawa ɗauke da sunayen 'yan takara, domin zaɓe na tafe ranar 7 ga Nuwamba. Na tambaye shi wane ne shugaban ƙaramar hukumar Iselin. Ya ce, "Kawu, Iselin suna ne kawai da gidan waya. Hukumarmu Woodbridge ce." Ita ce abin da suke kira tawunshif, kuma a ƙarƙashinta akwai unguwanni irin su Colonia, Avenel, Fords da Sewaren. Tsohuwar hukuma ce ƙwarai, tun 1669, zamanin Sarki Charles na Biyu na Ingila, aka ba ta takardar kafuwa. Ƙidayar 2020 ta ba ta mutum 103,639. Jihar kuwa, duk ƙanƙantarta, hukumomin gari 564 gare ta, kowace da majalisarta.

Sati na farko barci da ɗaukar jariri suka cinye shi. A sati na biyu na lura da wani abu: kafin gari ya waye layin gidan ya cika da motoci, kuma ba na mutanen layin ba ne. Gidan ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa ta Metropark, to masu zuwa aiki New York da Newark sai su ajiye mota a ƙofar gidajen mutane don gudun kuɗin garejin tashar, ba su dawowa sai bayan magariba. Mai jego ta dawo daga asibiti da yaro a hannu, sai ta tsaya can ƙarshen layi ta tako. Maƙwabta suka haɗa koke suka kai wa kansilan mazaɓarsu, suna neman a mayar da bakin titin na masu takardar izini kawai.

"Koken ya zama ƙudurin doka, an yi masa karatu na farko a majalisa tun kafin ka zo, Kawu," in ji shi. "Wannan zaman mai zuwa shi ne na jin bakin jama'a. Za ka raka ni?"

Ai kafin ya rufe baki na nemo hulata.

Da yamma ake zaman, bayan an tashi daga aiki, a ginin hukumar da ke lamba 1 a Main Street. Ba wanda ya tambaye ni wurin wa na zo. A bakin zauren akwai takardun ajanda a jere, kowa ya ɗauki ɗaya. A gaba doguwar kanta ce mai kujeru tara, kowace da allon suna da makirufo, ga tuta, ga kyamarar tashar talabijin ta garin. Na juya na ƙirga 'yan kallo, ba mu kai talatin ba, a gari mai mutum sama da dubu ɗari. Wannan ya ɗan sanyaya mini gwiwa. Ƙofa a buɗe, amma masu ita suna gida suna kallon ƙwallo.

Aka miƙe aka yi mubaya'a ga tuta, ni dai na tsaya shiru. Daga nan aka karanta wata sanarwa da sauri, irin karatun wanda ya haddace. Sai da na duba takardar hannuna na gane: shaida ce cewa an sanar da jama'a wannan zama kamar yadda dokar 1975 ta wajabta, wadda suke yi wa laƙabi da dokar hasken rana. A ƙarƙashinta, majalisa na fitar da jadawalin zamanta na shekara, in kuma zama na musamman ya taso sai an ba da sanarwar awa 48. Kansiloli masu rinjaye ba su da ikon haɗuwa a falon wani su yanke maganar gari. An yarda su rufe ƙofa a kan wasu 'yan batutuwa, kamar shari'a, ko maganar wani ma'aikaci, ko cinikin kwangila, amma ko shi sai sun faɗa a bainar jama'a cewa za su shiga, da abin da zai kai su. Ni da na sha rubuta bayanin zaman da aka gama yanke shi tun daren jiya a wani gidan baƙi, na san nauyin wannan layi guda da aka karanta cikin daƙiƙa ashirin.

Kusa da ni wata dattijuwa ce farar fata, da jaka cike da tsofaffin ajandoji, daga gani ba ta fashin zama. Ta ga ina rubutu ta zaci ɗan jarida ne. Da na ce mata tsohon akawun majalisa ne daga Najeriya, sai ta gyara zama ta mayar da ni ɗalibi. Da bakin alƙalaminta ta dinga nuna mini kujerun: biyar na mazaɓu ne, kowa da yankinsa, huɗu kuma gari baki ɗaya ne ke zaɓarsu. Duk wa'adin shekara huɗu ne, amma ba a zaɓarsu tare. Magajin gari da waɗannan huɗun suna tsayawa a shekara ɗaya, na mazaɓu sai bayan shekara biyu. Wannan dabara ta burge ni, domin ba ranar da za a wayi gari majalisa duk sababbi ne, ba wanda ya san inda aka kwana. Shugaban majalisar kuwa su da kansu suke zaɓarsa a cikinsu a zaman farko na watan Janairu.

Na tambaye ta ina kujerar magajin gari. Ta ce ba shi da ita a cikin taran. John McCormac ke riƙe da garin tun 2006, kuma a da Jim McGreevey ya riƙe kujerar kafin ya zama gwamnan jihar a 2002, to ba ƙaramin muƙami ba ne. Amma a zauren nan, in ya zo zai iya magana, ƙuri'a ce ba shi da ita. Tsarin ya samo asali daga wata doka ta 1950 da ake kira da sunan Bayard Faulkner, tsohon magajin garin Montclair wanda ya shugabanci kwamitin da ya tsara ta. Dokar ta ba garuruwa zaɓin salon mulki, Woodbridge ta ɗauki na magajin gari da majalisa. Shi ke tafiyar da ma'aikata, shi ke naɗa shugabannin sassa, amma sai majalisa ta amince. Su kuma kansiloli ba su da hurumin kiran ma'aikaci su ba shi umarni, sai ta hannun magajin gari, ko da yake suna da ikon bincike. Magatakarda kuwa majalisa ce ke naɗa shi. Ta ƙara da cewa ƙananan tawunshif da yawa har yanzu a tsohon salo suke: kwamitin mutum uku ko biyar, su zaɓi ɗaya a cikinsu ya yi magajin gari na shekara guda.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. Aka zo kan matsayoyin majalisa, irin su biyan 'yan kwangila, sabunta lasisi da mayar da rarar haraji, sai aka ɗaure su dami guda aka kaɗa musu ƙuri'a ɗaya. Kafin in gama karanta shafin farko an wuce wurin. Dattijuwar ta ce kowane kansila na iya cewa a zare masa ɗaya a tattauna shi daban. Na yarda, amma na san halin dami: ba a rasa ƙaya a tsakiyarsa, kuma mai gaggawar tafiya gida ba ya kwancewa.

Doka kuwa ba a yi mata haka. Ita sai an gabatar da ita a karatu na farko, a buga ta a sanar da ranar sauraron jama'a, a bar aƙalla kwana 10 tsakani, sannan a dawo. Da aka zo kan ta layinmu, shugaban majalisa ya buɗe fili. Akwai ɗan mumbari a tsakiyar zauren, duk mai magana ya fara da sunansa da adireshinsa, kuma ana auna masa mintoci.

Wani dattijo mai rigar sanyi ja ya fara, kuma adawa ya zo yi. Ya ce 'ya'yansa uku suna kawo masa jikoki duk ƙarshen mako, yanzu sai ya nemo wa kowanne takarda kafin ya ga jininsa? Muryarsa har rawa take. Wata mata Ba'indiya ta bi bayansa da hotuna a waya, tana nuna yadda motar kwasar shara ta kasa shiga layin. Sannan yaron nawa ya tashi. Wannan yaro da na goya, wanda a gida ko gaban mai unguwa ba ya ɗaga kai, ga shi tsaye gaban mutum tara da takarda a hannu tana karkarwa. Ya faɗi maganar mai jego da jariri, ya yi godiya, ya dawo ya zauna yana share zufa a cikin wannan sanyi. Na ce masa a hankali, "Ka yi ƙoƙari." Ya ce, "Kawu, rabin abin da na rubuta na manta."

Kansilan mazaɓar ya nemi a fayyace wa dattijon cewa hanin na ranakun aiki ne, kuma akwai takardar baƙi. Dattijon ya gyaɗa kai, ba don ya gamsu duka ba. Aka rufe fili, aka kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da bakinsa a makirufo. A nan hannuna ya yi ƙaiƙayi, don aikina ke nan shekara da shekaru, sai dai mu "an amince baki ɗaya" muke rubutawa, ba a san wa ya ce me ba. Doka ta wuce.

Na ɗauka shi ke nan, gobe za a kafa allo. Dattijuwar ta yi murmushi ta ƙirga mini da yatsu. Magajin gari na da kwana 10 ya sa hannu ko ya hau kujerar na-ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na majalisar, wato shida cikin tara, su tsallake shi. In ya sa hannu, sai an jira kwana 20 kafin ta fara aiki, kuma a cikin kwanakin nan mazauna gari na iya tara sa hannu su tilasta a kai dokar gaban masu zaɓe. Duk wannan a kan inda za a ajiye mota.

A hanyar komawa na tambayi yaron iyakar ƙarfin mutanen nan tara. Ya ce dokokinsu na cikin gari ne: titi, gine-gine da rabon filaye, hayaniya, shara, lasisin kasuwanci, karnuka. Wanda ya karya, kotun gari ce ke hukunta shi, kuma jiha ta yi wa hukuncin iyaka: tarar da ba ta wuce dala 2,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce kwana 90 ba. Kasafin kuɗi magajin gari ke tsarawa, majalisa na iya rage wani sashe da rinjaye kawai, amma ƙari sai da kashi biyu cikin uku, haka ma cin bashi. Na jima ina juya wannan a raina. An sauƙaƙa musu ragewa, an tsaurara musu ƙarawa, wanda ya rubuta dokar ya san ɗan siyasa.

Da muka isa gida ya ɗauko mini takardar harajin gidansa, wadda ake biya sau huɗu a shekara, ta gaba ranar 1 ga Nuwamba. Ya sa yatsa a kan layukan. Kaso mafi tsoka na makarantu ne, kuma hukumar makarantu daban ake zaɓarta, kansiloli ba su da ta cewa a kanta. Wani kason na lardin Middlesex ne, wani na masu kashe gobara. Abin da ya rage shi ne na mutanen da muka baro. "Amma in haraji ya hau, su ake zagi," in ji shi. Na ce wannan kam ko a wurinmu haka ne, na kusa shi ke shan mari.

Na baro Amurka kwana biyu kafin zaɓensu, layin yana nan cike da motocin baƙi kamar yadda na same shi. Sai cikin Disamba, ina zaune a ƙofar gida da hantsi ina shan rana saboda hunturu, saƙo ya shigo ta WhatsApp. Hoton wani farin allo ne a kan ƙarfe, bayansa bishiyoyi ba ganye, bakin titin fayau. A ƙasa ya rubuta: "Kawu, an kafa. Amma ni ma ban karɓo takardar izinina ba tukuna, a garejin tashar na kwana biyu ina ajiye mota."