Daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya: abin da hanyar ta koya mini

Sarin aya da wake ne ya sa na saba da hanyar da ta tashi daga Kano, ta ratsa Katsina, ta sauka kan iyakar Jibiya, sannan ta shiga Jamhuriyar Nijar ta Ɗan Isa har zuwa Maraɗi. Tsakanin Kano da Katsina kilomita 170 ne ko kusa da haka, abin da ya rage zuwa Maraɗi kuma bai cika kilomita 100 ba, amma duk wanda ya auna wannan tafiya da nisa kaɗai zai yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba, domin tsaye-tsaye ne suke cin lokaci.

Zangon farko shi ne mai sauƙi. Da zarar mota ta fita daga cunkoson kasuwar hatsi ta Dawanau, sai ta miƙe ta Bichi, Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya da Charanchi. Aikin mayar da titin tagwaye ya daɗe ana yin sa kashi-kashi, kuma inda aka kammala tafiya tana daɗi, sai dai a kula da wuraren da ake karkatar da motoci duka su koma hannu ɗaya, domin a nan ne direba mai gaggawa yake yin gaba da gaba da tirela.

Daga Katsina zuwa Jibiya tazarar ba ta kai kilomita 50 ba, amma na sha ɓata lokaci a cikinta fiye da wanda na ɓata daga Kano zuwa Katsina. Shingayen bincike suna jere kusa da juna, kowane da irin tambayarsa: wannan kaya yake dubawa, wancan takardun mota, na gaba kuma fuskokin fasinjoji. Wasu shingayen suna da dalili, ganin yadda 'yan bindiga suka addabi yankin, wasu kuwa abin da ake nema a cikinsu bai wuce na goro ba. Na lura cewa direban da ya rage gudu tun daga nesa, ya sauke gilashi, ya yi sallama, ya miƙa takarda kafin a tambaya, yakan wuce da wuri fiye da wanda ya tsaya jayayya ko da shi ne mai gaskiya. Saboda matsalar tsaro, ina tsara tafiyata yadda zan tsallaka da hantsi, kuma idan magariba ta kusa ina Katsina, a nan nake kwana. Ranar Lahadi kasuwar Jibiya take ci, don haka mai sauri ya zaɓi wata rana.

A Magama, inda ofisoshin kan iyaka suke, a nan ake gane wanda ya shirya. Fasfo, katin rigakafin cutar shawara, da takardun mota haɗe da inshorar da ke aiki a ƙetare, waɗannan nake haɗawa a jaka ɗaya. Masu babura za su kewaye baƙo suna cewa za su bi da shi ta daji ba tare da ya ga jami'i ko ɗaya ba. Ga mutanen ƙauyukan wurin, waɗanda gonarsu take wannan ƙasa surukansu suke waccan, wannan zirga-zirgar yau da kullum ce, amma ɗan kasuwa mai kaya da ya shiga babu hatimi zai biya ninkin abin da ya guje wa idan jandarmomi suka tare shi a gaba. Canjin kuɗi ma nakan yi kaɗan a bakin iyaka, abin mota da abinci, sauran sai cikin Maraɗi. Kafin a tsayar da ciniki kuma a tabbatar da irin lissafin da ake yi, domin a can dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya kuma sefa 1,000.

Abin da ya fi yi mini tsada shi ne rufe iyakar. An rufe ta a watan Agustan 2019, kuma ko da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya sai a Afrilun 2022 ta samu. Ba a jima ba aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake datse hanyar har zuwa Maris na 2024. A waɗannan lokuta na ga manyan motoci jere a gefen titi, kayan gwari suna ruɓewa a cikinsu, yayin da masu fasa-ƙwauri suke cin kasuwarsu ta ɓarauniyar hanya. Abin takaici ne a ce haka tana faruwa tsakanin garuruwa biyu da sarautarsu ma tushe ɗaya ce, tunda Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake kiransa. Tun daga nan na daina zuba jarina duka a lodi guda, na kuma daina biyan kuɗin kayan da ba su riga sun tsallako ba, sai dai in bar kafin alƙalami a hannun amintaccen dillali.

Yanzu hankalin 'yan kasuwa yana kan layin dogo mai tsawon kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Tambayar da muke yi wa juna a Dawanau ita ce ko za a duba kayan jirgin sau ɗaya a tasha ɗaya, domin a kan wannan ne za mu yanke shawarar barin tirela ko ci gaba da ita.