Riƙon 'yan kyanwa marayu da kwikwiyo: inda aiki ya kai

'Yan uwa masu koyon riƙon dabbobin da aka tsinta, ga bayanin halin da ake ciki game da 'yan kyanwa ukun da aka kawo mini daga wani kangon gini a farkon hunturu, da kuma kwikwiyon da ya biyo bayansu. Ranar da suka iso idanunsu a buɗe suke amma ba su iya tsayawa da ƙafafunsu ba, abin da ya nuna sun kai kimanin mako biyu, tun da ɗan kyanwa yakan buɗe ido tsakanin kwana 7 zuwa 10 da haihuwa. Yanzu sun shiga mako na shida, suna cin abinci da kansu, har masu neman a ba su sun fara sallama a ƙofar gida.

A makonnin farko ɗumi ya fi madara gaggawa. Ɗan kyanwar da bai kai mako huɗu ba ba ya iya riƙe zafin jikinsa, kuma sanyin asuba a wannan lokaci na iya kashe shi kafin yunwa ta taɓa shi. Na shimfiɗa musu tsumma a cikin kwali, na naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul na ajiye a gefe guda, domin wanda zafi ya yi masa yawa ya samu wurin matsawa. Duk wanda na taɓa na ji jikinsa da sanyi, sai na ɗumama shi tukuna kafin in ba shi komai, saboda cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Madarar shanu da madarar gari ta shayi suna sa su zawo, shi ya sa na nemi wadda aka haɗa musamman domin 'yan kyanwa a shagon magungunan dabbobi, duk da tsadarta. Ina ba su da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, bayan kowace awa uku, suna kwance rub da ciki. Kada a rungume su a rigingine kamar jariri, domin idan suka ƙware madarar takan gangara huhu. Bayan kowace shayarwa nakan shafa musu ƙarƙashin wutsiya da auduga mai ɗumi, tun da a wannan matakin ba sa iya fitsari ko bahaya sai uwa ta lashe su.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne awo. Ƙaramin sikelin kicin ya isa, a auna kowanne da safe a rubuta a littafi. Mai lafiya yakan ƙara giram 10 zuwa 15 a kullum, kuma ido ba ya iya gane wannan ɗan bambanci, amma littafin yana nunawa. Ta haka na gane cewa autarsu ta tsaya cik alhali 'yan uwanta suna gaba. Da likitan dabbobi ya duba ta, ya tarar da dasashinta ya yi fari saboda ƙuma ta zuƙe mata jini, ga kuma tsutsar ciki. Ya ba da maganin tsutsa daidai nauyinta, ƙumar kuwa da ƙaramin mataji da wankan ruwan ɗumi muka rabu da ita. A nan zan ja kunnenku sosai: fiya-fiya, da maganin kaskar kare mai sinadarin permethrin, da paracetamol, dukkansu guba ne ga kyanwa, kuma na ƙarshen ko ƙwaya ɗaya na iya halaka ta.

Shi kwikwiyon a bayan gida na killace shi, da kwanonsa daban, har mako biyu, kamar yadda ya kamata a yi wa kowace sabuwar dabba. An cire masa kaska, an yi masa allurar farko da ta haɗa da rigakafin parvo, cutar amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo da yawa. Ta ciwon haukan kare sai ya cika wata uku, kuma ba zai bar hannuna ba tare da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa da wannan cuta daga kare suke samun ta, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa rigakafinta a nan gida. Wanda dabbar da bai san asalinta ba ta cije shi ko ta yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Matakin da ke gabana yanzu shi ne zaɓen gidajen da za su koma. Yawancin masu zuwa ɓera ne ya dame su, kuma ban ga laifin hakan ba, sai dai da yawa suna so su ɗauka tun yau, wasu kuma sun yi imani cewa kyanwar da aka bari da yunwa ta fi kama ɓera. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Farauta ɗabi'arta ce ko ta ƙoshi, kuma hadisin matar da ta ɗaure kyanwa ta hana ta abinci sananne ne gare mu duka. Ba na sallamar ɗan kyanwa kafin mako takwas. Tsakanin mako biyu zuwa bakwai ne yake sabawa da hannun mutane, don haka kullum da yamma nakan bar yaran gida su zauna a tabarma su ɗauke su a hankali, ina kallo. Mai nema kuma ina tambayarsa ko maigida da uwargida duka sun amince, wa zai riƙa ba ta abinci da ruwa, kuma ko zai kai ta a ƙarasa mata allurai. Ina kuma gaya masa tun da wuri cewa macen na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin kuma kimanin kwana 63 ne kawai, saboda haka ya shirya wa aikin cire mahaifa idan ba ya so 'ya'yanta su ƙare a kango.

Biyu daga cikinsu sun samu gidajen da hankalina ya kwanta da su, kuma za a yi musu allurar farko a mako mai zuwa in Allah ya yarda. Autar za ta ƙara zama a wurina har nauyinta ya kusanci kilo ɗaya, kwikwiyon kuwa wani mai lambu a bayan gari ya nemi a ba shi domin gadi, kuma zan je in ga inuwa da ruwan da ya tanadar masa kafin in amsa.