Allon fitilu da igiyar fitilu a kan ESP32 ɗaya: inda na kai a mako na uku

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana kan allon da nake haɗa wa yayana na shagon ɗinkinsa a Ƙofar Ƙaura. Allon ƙananan fitilu masu sauya launi ne, samfurin WS2812B, mai ƙwai 16 a tsaye 16 a kwance, wato 256, sai igiyar fitilu mita 2 mai ƙwai 60 a kowace mita da za ta zagaye bakin ƙofa. Duka ESP32 guda, wata 'yar ƙaramar na'ura mai sarrafa kayan lantarki, ke tuƙa su da WLED, manhajar sarrafa irin waɗannan fitilu.

Kwana biyu na ɓata a kan kuskure ɗaya. Igiyar na fara jonawa, don haka na ba ta lamba daga 0, allon ya biyo baya. Da na kunna rubutu mai tafiya, sai kawunan haruffa suka ɓace daga allon, igiyar kuma ta kama ƙyafce-ƙyafce marar kan gado. Har na fara zargin wanda ya sayar mini da kayan, Allah Ya yafe mini. Ashe ita na'urar ba ta san allo ba, ba ta san igiya ba, layi ɗaya take ƙirga ƙwayayen kamar tasbaha. Tsarin allo kuwa daga ƙwan farko yake farawa, shi ya sa saman hoton ya zube cikin igiyar. Da na juya lissafin, allo a GPIO16, ɗaya daga ƙafafun ESP32 da ake jona waya, daga 0 zuwa 255, igiya a wata ƙafa daban daga 256 da tsawon 120, sai kowa ya koma gidansa. Daga nan na raba su kashi biyu a manhajar, allo yana rubutu, igiya tana sauya launi a hankali.

Ku lura kuma da yadda aka jera ƙwayayen. Nawa tafiyar maciji yake yi, layi ɗaya ya tafi, na gaba ya dawo. In ba ka gaya wa WLED haka ba, harafi zai fito a tsattsage kamar taliya.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke cin kuɗi. Kowane ƙwai na iya jan miliamfiya 60 in fari ne tas, ƙwai 376 ke nan sun haura amfiya 22 a bolt 5. Tawa na'urar ba da wuta amfiya 10 ce. Da farko hasken ya fito dishi-dishi, na ɗauka ita ce ta gaza, ashe WLED ce ke zuwa da iyakar miliamfiya 850. Na ɗaga ta zuwa 8000, wato amfiya 8, kuma wallahi da magariba ko rabin ƙarfinsa ya isa a gane shi daga tsallaken titi. Wutsiyar igiyar ta riƙa yin ja-ja maimakon fari saboda wutar na raunana kafin ta kai can, sai na ja wayoyi biyu masu kauri kai tsaye zuwa ƙarshenta. Nagatif ɗin kowa na haɗe shi wuri guda, na sa rasista mai om 330 a kowace wayar saƙo, da kafasita 1000µF a bakin wuta. ESP32 bolt 3.3 take fitarwa, kuma wayar da ta tafi ƙofa doguwa ce, har fitilun suna ƙyaftawa, don haka na sa 74AHCT125, mai ɗaga saƙon zuwa bolt 5, a tsakani, ƙyaftawar ta tsaya.

Abin da ya rage mini guda ne. Rubutun WLED bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Na rubuta "ɗinki", allon ya nuna "inki", yaran shago suka yi ta dariya. Yaya ya ce a sa d kawai a wuce wurin, ni kuma na ƙi. Mako mai zuwa zan gwada zana ɗ da ƙ da hannuna, ƙwai bayan ƙwai, kafin ƙurar hunturu ta tilasta mini neman gilashin rufe allon.