Sarayebo: Bin Sawun Littafin da Malami Ya Ɓoye

Daga Abuja babu jirgi kai tsaye zuwa Bosniya. Na yada zango a Istanbul, daga can tafiyar kamar sa'a biyu ce zuwa Sarayebo. Kuɗin ƙasar sunansa marka, kusan biyu ke yin yuro ɗaya, kuma gara mutum ya canji kaɗan tun a filin jirgi saboda ƙananan shaguna.

Taragon lantarki mai lamba 3 na hau daga tsohuwar kasuwar Bascarsija, na sauka gaban Gidan Tarihi na Ƙasa a titin Zmaja od Bosne. Gine-gine huɗu ne da lambu a tsakiya. A ɗaya daga cikinsu ake ajiye Haggadar Sarayebo, littafin da Yahudawa ke karantawa a daren Idin Ƙetarewa don tuna fitar Bani Isra'ila daga Masar. Mai zuwa ya fara binciken ranar da ake fito da na asalin, domin sa'o'i kaɗan ne a mako, saboda haske na cin launin zanen. Sauran lokaci kwafi ake gani.

Littafin bai kai yadda na zata girma ba, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba sosai. Ganye 142 ne na fatar maraƙi, 34 na farko zane ne zalla, daga halittar duniya zuwa rasuwar Annabi Musa. An yi shi a arewacin Sifaniya wajajen 1350, ya bar ƙasar bayan korar Yahudawa a 1492, akwai sa hannun mai tace littattafai na Katolika na 1609, sannan gidan tarihin ya saye shi a 1894. Tabon ruwan inabi yana nan a wasu shafuka, shaidar cewa an yi ta cin abinci da shi a gefe.

Da yawa daga baƙin da suka taru a ɗakin ƙagaggen labari ne ya kawo su: People of the Book na Geraldine Brooks, wanda ya fito a 2008, wanda aka gina a kan tarihin wannan littafin. Ma'anar sunan Ahlul Kitabi. A tsaye a bakin ƙofa na ji muhawarar da aka saba yi a kansa. Wasu sun ce babin tarihin ne ya riƙe su, labarin ƙwararriyar zamani mai gyaran littafin kuwa tsallake shi suka riƙa yi. Wata ta zo tana neman fiffiken ƙwaro da farin gashin da labarin ya ce an tsinta a ɗinkin littafin, ta ji zafin jin cewa ƙirƙira ce. Haka ma baƙar matar da ke zaune a teburin idi a ɗaya daga cikin zanukan: tana nan da gaske, na ganta da idona, amma cewa ita ta zana littafin a birnin Sebil na Sifaniya a 1480 tunanin marubuciyar ne kawai.

Ni dai ina ganin abin da ya faru da gaske ya fi ƙagaggen nauyi. A yaƙin duniya na biyu wani hafsan sojan Jamus ya zo karɓar littafin, sai Dervis Korkut, malami Musulmi mai kula da ɗakin karatun gidan, ya fitar da shi a ɓoye, aka adana shi wajen birni har yaƙi ya ƙare. A 1942 shi da matarsa Servet suka ɓoye wata yarinya Bayahudiya, Mira Papo, cikin gidansu tsawon watanni, ta sa lulluɓi, ana kiranta Amira mai aiki. Bayan yaƙi gwamnatin kwaminis ta ɗaure Korkut shekaru, kuma Mira ba ta samu ta ba da shaidar da za ta wanke shi ba. Ya rasu a 1969. Sai a 1994, bayan ta rubuta shaidarta, Yad Vashem, cibiyar Isra'ila ta tunawa da kisan kiyashin Yahudawa, ta karrama shi da matarsa. A 1999, da yaƙin Kosobo ya kori 'yar Korkut daga gidanta, takardar karramawar nan ce ta buɗe mata hanya zuwa Isra'ila, ɗan Mira ya tare ta a filin jirgi.

A 1992 ma, lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya a yaƙin Bosniya, wani Musulmi, Enver Imamovic, ya kwashe littafin zuwa ma'ajiyar banki. Abin takaici, rashin kuɗi ya rufe gidan tarihin daga 2012 zuwa 2015, cikin zaman lafiya.

Da la'asar na koma tsohon gari, na yi salla a masallacin Gazi Husrev-beg. Daga ƙofarsa zuwa tsohuwar majami'ar Yahudawa ta 1581, wadda yanzu gidan tarihi ce, ban yi tafiyar minti uku ba.