Wasiƙa daga Ingila: famfo a ƙirji, zulumi a rai

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Ingila, inda nake aikin jinya a sashen waɗanda zuciyarsu ta gaza har magani ya daina yi musu aiki. Wasu ana dasa musu zuciyar wani, aikin da aka fara a Afirka ta Kudu a 1967. Wasu kuma, kafin a samu zuciyar, ana sa musu ɗan famfo da ake kira LVAD a ɓangaren hagu na zuciya. Waya ce ke fitowa ta fatar ciki, da rana tana haɗe da batura biyu da mutum ke rataye da su, da dare a jona ta a wutar gida. Sau da yawa in ka riƙe hannun mai famfon ba za ka ji bugun jijiya ba. Ba dama ya nutsa jikinsa cikin ruwa, kuma maganin hana jini daskarewa ya zama abokin zamansa.

Wani dare, wajen ƙarfe uku, na tarar da wani dattijo musulmi zaune a bakin gado, ya ƙura wa fitilar batirinsa ido. Ya ce, "'Yata, in na roƙi Allah ya kawo min zuciya, ba mutuwar ɗan wani nake roƙo ba?" Na rasa abin cewa, sai na jawo kujera na zauna. Da safe 'ya'yansa suka kira suna cewa, "Baba ai ka warke, sai godiya." Ya ce alhamdulillahi, ya ajiye wayar, ya juya fuska bango.

Wannan ne ya sa na rubuto muku. Mun iya dubiya, mun iya addu'a, amma da zarar mara lafiya ya ce yana jin tsoro sai mu rufe masa baki da "yi haƙuri, kar ka yi saɓo." Tsoro ba rashin tawakkali ba ne. Ina tuna matanmu masu jego a Zariya da Kano da zuciya ke kumbura musu bayan haihuwa, su ma ba kasafai ake tambayarsu abin da ke ransu ba.

Dattijon nan, mun haɗa shi da likitan halayyar ɗan'adam da limamin asibiti. Ranar da ya gama fitar da abin da ke cinsa, ya yi barci har sai da na tashe shi sallar asuba.

'Yar uwarku a Ingila