Kafin ka haddace lissafin Boltzmann, ka koyi ƙirga

Ƙanina, idan ka kai ga darasin fiziks na ƙididdiga, wanda ke bayyana zafi da matsin iska daga motsin ɗimbin ƙwayoyin zarra, kada ka yi masa hadda irin wadda na yi. Na iya rubuta S = k log W ido rufe, lissafin da ke sassaƙe a kabarin Ludwig Boltzmann a Viyana, babban birnin Ostiriya. Amma ranar da aka tambaye ni abin da W ke ƙirgawa, tsuru-tsuru na yi.

W ita ce yawan hanyoyin da ƙwayoyin za su jeru ba tare da kamannin abin ya canja a idonmu ba. Watsa kwabo 100 a tabarma. Hanya ɗaya tak ce za su faɗi duka fuska sama, amma hanyoyin da 50 za su kife 50 su kalli sama sun kai kusan 10^29. To, giram 28 na iskar naitirojin na ɗauke da ƙwayoyi kusan 6 × 10^23. Shi ya sa iskar ɗakinka ba ta taɓa taruwa a kusurwa guda ta bar ka kana haki. Dokokin Newton ba su hana hakan ba, yawan sauran hanyoyin ne ya danne shi. Nan entirofi, wato S ɗin lissafin da ke ƙaruwa da yawan W, ta samo asali, ni kuwa na daɗe ina ɗaukarta "hargitsi" kawai, fassarar da ba ta taɓa warware mini tambaya ko ɗaya ba.

Na kuma zaci kowace ƙwaya tana da nata zafin. Ina! Tun 1860 masanin fiziks James Clerk Maxwell ya nuna cewa gudunsu ya bambanta, wata na rarrafe wata na tsere, matsakaicin na naitirojin a zafin ɗaki kusan mita 500 a daƙiƙa. Zafi siffar taron ne.

Don haka ka fara gyara logaridim ɗinka da lissafin yiwuwa, har da ƙiyasin Stirling, dabarar sauƙaƙa ƙirgar hanyoyi masu ɗimbin yawa, kafin ka taɓa tsarin wannan fanni da masanin fiziks Willard Gibbs ya shimfiɗa a 1902. Sannan ka ɗauki ƙwaya mai matakan makamashi biyu kacal, ka lissafa Z ɗinta, wato jimillar da ake fitar da yiwuwar kowane mataki da ita, da biro da takarda, ka ga yadda rabon yiwuwar tsakanin matakan biyu ke sauyawa idan ka ɗaga zafi. Ka riƙe cewa kT, wato tsayayyiyar lambar Boltzmann k sau zafi T, a zafin ɗaki kusan 0.025 eV ne (eV ma'aunin ɗan ƙaramin makamashi ne), domin da shi za ka auna ko ƙwayar za ta iya hawa mataki na sama.