Yadda Klose ya koya mini cin ƙwallo da ka

Ranar Asabar ce, 1 ga Yunin 2002, da tsakar rana na ajiye zarto na roƙi maigidana ya bar ni in leƙa gidan kallo. Shekarata goma sha shida, ina koyon kafinta a Zariya. Jamus ce za ta kara da Saudiyya a gasar cin kofin duniya, kuma kusan duk wanda ke kan bencin nan Saudiyya yake so, har da ni. Aka tashi 8-0. Uku daga ciki wani siririn saurayi mai lamba 11 ne ya ci, dukansu da ka. Miroslav Klose ke nan. Kafin a gama gasar ya zura wa Ireland ɗaya, ya zura wa Kamaru ɗaya, suka cika biyar, ba ko ɗaya da ya ci da ƙafa.

A lokacin ni ɗan gaba ne a ƙungiyar unguwarmu, amma benci na fi ɗumamawa. Ba ni da gudu, ban iya yanka ba. Kocinmu ya sha ce mini, "Kai yaro, tsayin nan naka asara ne in ba ka mora ba." Sai ran nan na gane abin da yake nufi.

Na samo tsohuwar ragar albasa na zura ƙwallo a ciki, na ɗaure da igiya a reshen darbejiyar da ke bayan shagonmu. Kullum bayan la'asar, kafin in tafi fili, sai na yi tsalle na doke ta sau hamsin. Makon farko da ciwon kai nake kwana, domin rufe ido nake yi ƙwallon ta same ni a tsakar ka. A hankali na gano da goshi ake tarbarta, ido a buɗe, kuma ƙarfin daga ƙugu da gadon baya yake tasowa, wuya rakiya kawai take yi. Duk sati biyu sai in ɗaga igiyar da faɗin yatsa uku.

Na iya dukan, amma a wasa ƙwallon ba ta zuwa kaina. Shekaru na yi a haka. Nakan je gaban gola in tsaya cik ina jiran a bugo, ɗan baya ya zo ya dafa kafaɗata, ya tashi sama ya bar ni a ƙasa. Ni kuwa 'yan gefe nake ta ɗora wa laifi.

Gasar 2006 ce ta warware mini. Klose ya zo ta ne bayan ya ci 25 a Bundesliga da rigar Werder Bremen, sai na ƙudurta ba zan bi ƙwallo da ido ba, shi kaɗai zan kalla duk lokacin da kyamara ta nuno shi. A wasansu da Ajantina, ana minti na 80 ana bin su bashin ɗaya, Ballack ya ɗago ƙwallo daga hagu, Borowski ya goga mata kai, sai ga Klose ya ɓullo ta bayan ɗan baya ya sa ta a raga. Da aka maimaita na ga abin da ya shige mini duhu tun 2002. Mutumin nan ba ya tsayawa inda ƙwallo za ta sauka. Wurin yake bari fayau, ya laɓe a bayan mai tsaronsa inda ido ba ya kai, sai an ɗago sannan ya taso a guje. Mai tasowa a guje kuwa ko yaushe yana fin na tsaye tashi sama.

Na koma fili na fara ja da baya taku uku, in jira mai bugu ya ɗaga kai. Farko ina makara, wani lokacin in yi gaggawa a kama ni da satar gida. Kafin damina ta wuce na daidaita, kuma a gasar unguwanni ta shekarar na ci shida, huɗu da ka.

A nan ne kuma na yi gangancin da har yau nake nadama. Na ci ƙwallo na ce sai na yi alkafura irin wadda Klose ke yi idan ya ci, na faɗi a kan hannu, wuyan hannun dama ya gurɗe. Sati uku ban riƙe guduma ba. Maigidana bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, da hannun nan kake ci." Ban sake ba.

Daga baya ne na ji tarihinsa, ya ƙara shiga raina. A Opole ta ƙasar Poland aka haife shi a 1978, ya zo Jamus yana ɗan shekara takwas ba ya jin yaren. Kafinta ya koya shi ma, yana buga wa wata ƙungiyar ƙauye mai suna Blaubach-Diedelkopf har ya kai shekara ashirin. Bai taka Bundesliga ba sai a 2000 da Kaiserslautern. Wanda ya fara a makare haka shi ne ya ci wa Jamus 71 a wasa 137, ya wuce 68 na Gerd Müller. Har gobe ina jin zafi idan aka ce ai ƙwallayensa na ɓagas ne. Na san gudun da ake yi kafin a isa wurin da ƙwallo za ta zama ɓagas.

A gasar cin kofin duniya ta 2014 yana da shekara 36, daga benci yake farawa a zagayen farko. Da Ghana tana gaba 2-1 aka sako shi, minti biyu bai cika yi ba aka bugo kwana, Höwedes ya karkatar da ka, Klose ya miƙe ƙafa a bakin turke na nesa ya farke. A wasan Brazil kuwa ya buga Júlio César ya tare, shi ne ya riga kowa isa ga wadda ta dawo. Ita ce ta 16 da ya ci a gasannin cin kofin duniya, ya wuce Ronaldo na Brazil a ƙasar su Ronaldo.

Yanzu shagon nawa ne, gwiwa kuma ta raba ni da wasa. Igiyar tana nan a darbejiyar, sau huɗu na sauya raga. Yara uku ke zuwa bayan la'asar, ƙaramin cikinsu har yanzu yana rufe ido.